Ranar da Zakka Ya Juya wa Alhaji Riskuwa Baya

Ni tela ne, sunana Kalilu, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Zakka a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi. Magini ya yi wa katangar rowar siminti, saboda haka yawancin abin da na sani game da mutumin nan ban tambayi kowa ba, ta bango ya iske ni ina zaune a tsakar gidana.

Zakka ya zo Birnin Kebbi daga wajen Kafanchan a shekarun da aka ƙirƙiro jiha, yana saurayi, da akwatin sifanu a hannu. Sauran mutanensu da suka zo tare duk ofis suka nufa, shi kuwa ya nufi fadama. Gyaran injin ban ruwa ya iya, kuma ya zo daidai lokacin da manoman shinkafa suka fara ajiye jigo suna sayen inji. Daga nan har Argungu har Gulma, in inji ya yi tari ya mutu a tsakiyar noman rani, Zakka ake tura wa babur. Yakan tsuguna ya kara kunnensa a jikin ƙarfen, ya lumshe ido, sannan ya ce abu kaza ne. Manoma suka sa masa suna Injiniya ba tare da wata makaranta ta sa hannu ba.

Da a nan ya tsaya, da mun zauna lafiya. Amma Zakka yana da wata lalura da ya kwaso tun yana ƙarami a Jos, inda ya zauna wajen kawunsa. Wata rana malaminsu ya kai su wani babban zaure, inda wasu baƙi suka zo yin kiɗa da waƙa irin na Turawan dauri. Ya ba ni labarin nan har na haddace. Zaure cike da mutane, in ji shi, amma ko tari babu. Masu goge a zaune, mawaƙa maza da mata a tsaye bayansu, kowane rukuni da irin muryarsa. Sai wani tsoho ya fito cikin baƙar kwat mai wutsiya, ya rusuna wa jama'a, ya juya musu baya, ya ɗaga wata 'yar sanda da ba ta fi tsinken tsire kauri ba. Daga nan bai sake waiwayowa ba, kuma ba wanda ya motsa. Da waƙar ta ƙare, sandar ta tsaya a sama, duk zauren ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan aka tafa. Wannan ɗan shirun na ƙarshe shi ne ya shiga ran Zakka ya ƙi fita.

Na gaya masa cewa a garinmu in mawaƙi ya gama waƙa jama'a suka yi tsit, to ya tattara kayansa ya kama hanya, ba a son sa ne. Ya ce ban gane ba. Na ce lalle ban gane ba, kuma ba na gaggawar ganewa.

Shi ne shugaban mawaƙan cocinsu tun kafin a haifi ɗansu na fari, Kenneth, kuma a tsakar gidansa suke koyon waƙa da yamma. Akwai wata doguwar waƙa guda da ya ɗora wa rai, cikin wani yare da su kansu mawaƙan ba sa ji. Sai su ɗauko layi ɗaya su yi ta nanatawa, mata su haura sama, maza su gangara ƙasa, a tsakiya Zakka ya ƙwanƙwasa tebur da sandarsa ya ce a sake. Shekara da shekaru ana a sake. Matata Laure ta iya waƙar ba da saninta ba, takan yi ta da hanci tana tuƙa tuwo, in na yi mata magana ta ce ita ba ta yi komai ba. Amma ni da ita ba mu taɓa jin ta daga farko har ƙarshe ba, guntu-guntu take zuwa mana.

A cocin ma ba ta taɓa kai ƙarshe ba. Ana cikin yi sai mata su miƙe da rawa, ko matasa su shigo da ganga don a ganinsu abin ya yi sanyi, ko mai sanarwa ya karɓi makirfo ya ce mai jar mota ya je ya matsar da ita ya tare hanya. Zakka ya dawo gida fuska a murtuke, ina jin yadda yake buga ƙofa. Matarsa Priscilla, wadda kowa ke ce wa Maman Kenneth, ita ce ginshiƙin muryoyin mata a ƙungiyar, kuma maganarta a irin wannan rana ba ta wuce ya zauna ya ci abinci.

Shekarun baya na fara lura da wani abu. Rediyonsa ya ƙara ƙara, har ba na bukatar kunna nawa. In na yi sallama a ƙofarsa sai na gaji kafin a amsa. Daga baya Maman Kenneth ta gaya wa Laure, Laure ta gaya mini: likita ya ce ƙarar inji ta cinye masa kunnuwa, siraran sauti sun riga sun tafi, sauran ma suna hanya. Muryoyin mata, waɗanda ya fi ƙauna, yanzu bakinsu yake kallo. Yana gane lokacin da za su shiga ne daga yadda suke jan numfashi, yana gane sun kauce daga yadda suke kallon juna. Bai gaya wa mawaƙansa ba, su ma suka yi kamar ba su sani ba. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, amma ban nuna masa ba, don na san ba zai gode mini ba. Burinsa ya rage guda: kafin kunnuwan su rufe, a yi waƙar nan sau ɗaya daga farko har ƙarshe a gaban jama'a, kuma jama'a su yi masa shirun nan na Jos.

Wanda ya buɗe masa ƙofa shi ne Alhaji Riskuwa. Mutumin Gulma ne da ya tare a Argungu. Lokacin da Zakka ya fara sanin sa, tsohon inji ɗaya gare shi, wanda ake ɗaure wa bututu da robar taya. Wata shekara injin ya mutu shinkafa tana fitar da kai, Zakka ya tare a fadamar bai koma gida ba sai da ruwa ya gudana. Yau Alhaji yana da injin casar shinkafa da manyan motoci, kuma bai manta ba. Da ya gina ɗakin taro na bukukuwa a Argungu, ya ce wa Zakka ya faɗi abin da yake so. Zakka ya ce aron ɗakin yake so na yamma ɗaya. Alhaji bai tambayi wace irin waƙa ba ce. Ya ce zai aiko da bas, zai gayyato mutane da kansa, kuma da wannan waƙar za a buɗe ɗakin.

Washegari Zakka ya zo shagona da baƙin yadi mai kauri, a watan da ko ɗan kwali yana yi wa mace nauyi don zafi. Ya zana mini kwat mai wutsiya a ƙasa da yatsa. Na fara tambayarsa irin aikin da zan yi a ƙirji da bakin aljihu, ya ce in bar gaba, gaba ba shi da amfani, baya jama'a za su kalla. Tun da na fara taka keke ba wanda ya taɓa ce mini in kula da bayan riga. Mu a nan duk dukiyar riga a ƙirji take, baya kuwa ko ya karkace mai ita ba zai gani ba. Na ɗinka, na farke, na sake ɗinkawa. Kullum ya leƙo na ce masa gobe, shi kuwa ya girgiza kai ya ce, "Maganar tela." Haka yake ce mini tun muna da ƙuruciya, ko labarin ruwan sama na ba shi. Maɓallin ƙarshe a cikin bas na ɗinka shi, muna kan hanyar Argungu.

Mun isa da hantsi, har da Laure, don mawaƙa su gwada wurin. Abu na farko da Zakka ya yi shi ne ya sa aka ja janareta zuwa bayan rumbun shinkafa, ya ƙara mata waya, don kada ƙararta ta shigo. Shi ba ya jin ta, amma ya san wasu za su ji. Sannan ya jera mutanensa a kan dandamali, maza hagu, mata dama, ya zaunar da Christabel a gabansu, wata ma'aikaciyar jinya da ta koyi gogen Turawa a garinsu, ita da mai piyano. Shi kuma ya tsaya a bakin dandamalin yana fuskantar su.

A nan Hammadu ya shigo. Hammadu ƙanen matar Alhaji ne, ya yi aikin tsara zaman manya a wani ofis har ya yi ritaya, amma bai yi ritaya daga riƙe makirfo ba. Shi ne ƙofar Alhaji, ba a ganin Alhaji sai ta wajensa, kuma sau da yawa yakan san ran Alhaji ya ɓaci tun kafin Alhajin ya sani. Ya tambayi Zakka inda zai tsaya, ya nuna masa. Ya tambaye shi ina zai fuskanta, ya nuna masa. Hammadu ya dubi babbar kujerar da aka ajiye wa Alhaji a gaba, ya dubi ƙeyar Zakka, ya cire hula ya mayar.

"Injiniya," ya ce, "kana nuhin Alhaji shi gina wurin ga da dukiyatai, shi gayyato manyan Argungu, sannan shi zamna shina kallon ƙeyakka? Ba a yin haka garin ga. Ko ɗiyan da ya haihwa, da baya-baya su ka hita ɗakinai."

Zakka ya yi masa bayani cewa ko'ina a duniya haka ake yi. Hammadu ya ce duniya daban, Argungu daban. Kuma in faɗi gaskiya, rabin zuciyata tana tare da Hammadu. Mu ba ma ba babba baya. Makaɗi ma wanda yake yi wa kiɗa yake fuskanta, ya bi shi da ido, ya durƙusa in ta kama. Hammadu ya ce in aka watse ana cewa makanikin Alhaji ya wulaƙanta shi a cikin ɗakinsa, ranar buɗewa, a gaban surukansa, to wannan magana ba za ta mutu ba har jikoki. Ba wanda ya ce a je a tambayi Alhajin. Ba a tambayar Alhaji, Hammadu ake tambaya.

Maman Kenneth ta ja mijinta gefe, ta ce ya gaya musu dalili kawai, cewa in bai ga bakin mawaƙa ba bai san inda suke ba. Ya ƙi. Mutumin da ya ci abinci da kunnensa tsawon rayuwa ba zai tsaya gaban Hammadu ya ce ya kurmance ba. Kuma ba zai iya kunyata Riskuwa ba, wanda ya ba shi abin da ba wanda ya taɓa ba shi. Ya ce zai fuskanci jama'a, mawaƙa su bi hannunsa daga baya, ai sun haddace. Maman Kenneth ta je ta zauna tana fifita da gefen gyalenta.

Bayan la'asar aka fara, da niyyar a gama kafin magariba. Ɗaki ya cika. Manoman shinkafa da dillalan albasa sun sha manyan riguna, matansu a gefe guda, mutanen cocin da suka biyo mu daga Birnin Kebbi suna can baya. Alhaji yana kan kujerarsa, da ɗan tebur na lemo a gabansa. Zakka ya roƙi Hammadu ya sanar da abu kaɗan: ba liƙi, ba guɗa, ba shige da fice in an fara. Hammadu ya sanar, sannan ya yi sharhi a kan sanarwar, sannan ya gabatar da uban taro da uwar taro da babban baƙo da wakilin babban baƙo na musamman. Duk wanda ya shigo a makare sai ya tsaya ya ce ya ga isowar wane, Allah ya ja zamaninsa. Mawaƙa suna tsaye suna zufa. Zakka yana tsaye cikin baƙar kwat, gabanta da ban yi wa komai ba yana kallon manyan gari, bayanta da na ɓata kwanaki a kai yana kallon Maman Kenneth.

Da Hammadu ya ga dama ya sauka, Zakka ya ɗaga sanda. Alhaji ya ga an ɗaga masa hannu, shi ma ya dunƙule nasa ya yi jinjina. Na kusa da shi duk suka yi jinjina. Piyano ya shiga, goge ya bi. Zakka ya nuna hagu da sandar don maza su ɗauka, sai wani dattijo dillalin albasa da sandar ta nuna ya ɗauka kiran sa ake. Ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya taka har gaban dandamali ya miƙa wa Zakka hannu biyu yana tambayar gajiya. Zakka ya gaisa da hagu yana kaɗawa da dama. Ya nuna ɗaya gefen don mata su shiga, wata tsohuwa ta ga ita aka nuna, ta manta da sanarwa ta rangaɗa guɗa.

A bayansa kuwa abu ya lalace. Da ya juya, hagunsa ya zama gefen mata, mata suka shiga kafin lokaci, maza suka tsaya jiran su gama. Christabel ta bi mata, mai piyano ya bi maza. Maman Kenneth ta yi ƙoƙarin jan su da muryarta, ta ja har ta gaji. Ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru, goge ya yi wani ɗan kuka ya mutu. Zakka bai sani ba. Ya ci gaba da kaɗa sandarsa, ido a lumshe, yana ɗaga kafaɗa, yana lallashin iska da hannun hagu, ba kowa a bayansa da ke waƙa. Jama'a suka ɗauka wasan ke nan, suka fashe da dariya, wasu har da tafi. Ni ban yi dariya ba, ji na yi kamar in shige ƙarƙashin kujera. Ya buɗe ido ya ga haƙoran mutane, ya ga Alhaji ba shi yake kallo ba, bayansa yake kallo. Ya waiwaya a hankali, ya ga bakin kowa a rufe.

Sannan ya sauko daga dandamali, ya je gaban Alhaji ya rusuna.

"Alhaji, ka yi mini haƙuri," ya ce. "Zan ba ka baya."

Bai jira amsa ba, ya koma ya hau, ya juya. Wutsiyar kwat ta kalli uban taro da babban baƙo da wakilinsa. Ɗaki ya ɗauki gunaguni, wani a bayana yana cewa dama ya faɗa, sabo da makaniki ba ya ƙarewa lafiya. Hammadu ya nufi dandamali da makirfo a hannu. Sai Alhaji Riskuwa ya miƙe, kuma da ya miƙe kowa ya miƙe. Na ce a raina shi ke nan, Zakka ya rasa waƙa ya rasa aboki a yamma ɗaya.

"Ni ba ni kallon ƙeyak kowa," in ji Alhaji. "Hammadu, aje abin maganag ga, ɗauko min kujerata."

Bai nufi ƙofa ba, dandamali ya nufa. Ya hau da ƙyar saboda gwiwa, ya zagaya ya tsaya a gaban Zakka, fuska da fuska. Ina jere na biyu, na ji abin da ya ce, don ya faɗe shi a hankali yana buɗe baki sosai, yadda ake yi wa wanda ke karanta leɓe.

"Tun bara nig ga ka bar sa kunne ga inji, tahin hannu ka ka sawa. Yi abinka, Injiniya."

Hammadu ya kinkimo kujerar yana haki, Alhaji ya sa aka ajiye ta kusa da Christabel, a gaban mawaƙa, ya zauna yana fuskantar Zakka. Ya gyara rigarsa ya harɗe hannu.

To, wa zai zauna a ƙasa alhali Alhaji yana sama? Uban taro ya ja kujerarsa ya bi. Babban baƙo ya bi, wakilinsa ya bi. Hammadu, da ya ga aiki ya samu, nan take ya shiga tsara su bisa girma, wane dama da Alhaji, wane hagu, har ya so ya matsar da mai piyano don a sami wurin wani surukin Alhaji. Da dandamali ya cika, sauran jama'a suka jeru a gefensa biyu suna bin bango, mata da goyo, dillalin albasa, mutanen coci, kowa yana neman inda zai ga abin da Alhaji ke gani. Kafin a jima kujerun ɗakin duk sun zama wayam. Ni kaɗai na rage a tsakiyarsu. Ba ladabi ne ya hana ni tashi ba, so nake in ga yadda bayan kwat ɗin nan ya zauna.

Zakka ya dubi mawaƙansa ɗaya bayan ɗaya har ya kai kan matarsa. Ya ɗaga sanda, suka ja numfashi tare, na ga kafaɗunsa sun sauka.

Ban san sunayen abubuwan da suka yi ba, don haka ba zan yi ƙarya ba. Maza suka fara can ƙasa, a hankali, mata suka hau kansu, goge ya ratsa tsakani. Layukan da na yi shekaru ina ji ta bango guntu-guntu, ashe kowane yana da inda yake zuwa, wannan ya miƙa wa wancan. Wurin da kullum ake ƙwanƙwasa tebur a ce a sake, na riƙe numfashi ina jira, suka wuce shi ba su tsaya ba. Daga nan duk abin da ya biyo baya sabo ne a kunnena, ban taɓa sanin waƙar tana da wannan sauran ba.

Ni baya nake gani, su kuwa fuskarsa suke gani, kuma ban da mawaƙansa ba wanda ya taɓa ganin wannan fuskar. Manoma sun san Zakka da baƙin mai a goshi yana zagin bututu. Laure ta gaya mini daga baya cewa yana roƙon mawaƙan da gira, yana harararsu, yana buɗe baki tare da su ba murya, hawaye da zufa sun haɗu suna sauka cikin wuyan kwat. Na ga abin a fuskokin jama'a. Tsohuwar mai guɗa ta rufe bakinta da mayafi. Dillalin albasa ya saki baki. Hammadu yana tsaye hannu biyu a baya, ya rasa abin da zai yi da su. Alhaji bai ko ƙifta ba. Kwat ɗin kuma ta zauna daidai, sai dai wata 'yar tattara a ƙarƙashin kafaɗar hagu da ni kaɗai na san da ita.

Muryoyi suka taru wuri guda, suka daɗe a can, suka sauka. Sandar ta tsaya a sama. Ba wanda ya yi tari, ba jaririn da ya motsa, ba wayar da ta yi kuka. Har takun tantabara na ji a kan kwanon rufi. Ban san iya tsawon shirun ba, amma ya isa mutum ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Sannan Zakka ya sauke hannu. Alhaji ya duba hagu da dama bai san abin da ake yi a nan ba, sai Maman Kenneth ta fara tafi, kowa ya kama. Guɗa ta ɓarke, liƙi ya ɓarke, Hammadu ya dira kan makirfonsa ya fara ganin isowar waɗanda suka iso tun ɗazu.

Ana kiran magariba na iske Zakka a bayan ɗakin, kusa da rumbun shinkafa. Ya cire kwat ya rataya a hannu, ta jiƙe sharkaf. Na ɗauka zai yi maganar tattarar kafaɗa. Ya kama hannuna ya juyo da ni yadda zai ga bakina.

"Kalilu, kai kana baya, ka ji komai. Lokacin da na tsayar da sanda, da gaske sun yi shiru? Ko kunnena ne?"

Na ce, "Wallahi shiru sunka yi. Dut ɗakin. Har tantabara nij ji bisa kwano."

Ya daɗe yana kallon bakina. Sannan ya yi ɗan murmushi ya ce, "Maganar tela." Na sake rantsewa, na ce ya tambayi matarsa, ya tambayi Alhaji. Ya ce Maman Kenneth za ta faɗa masa abin da yake so ya ji, Alhaji kuma ba zai ce taronsa ya yi hayaniya ba. Ya ninke kwat ɗin, baya a ciki, muka nufi bas.

A Argungu yanzu, duk bikin da za a yi a ɗakin nan, a kan dandamali ake jera kujerun manya, a tsakiyar makaɗa, kalangu yana kuka a kunnen uban ango. Hammadu ne ya kafa tsarin, kuma yana gaya wa duk wanda ya tambaya cewa haka ake yi a ƙasashen waje.

Zakka yana nan a Gesse. Ya bar zuwa fadama, ya miƙa wa Christabel sandar, koyon waƙa ya koma coci. Katangarmu ta yi shiru da yamma, sai Laure in tana tuƙa tuwo, kuma yanzu har ƙarshe take kaiwa. Rediyon ma ya daina kunnawa. Yakan zo shagona ya zauna a kan benci yana kallon ƙafata a kan keke. Can sai ya taɓa ni a kafaɗa, na san abin da zai tambaya. Jiya ma ya tambaya. Na tsayar da keke, na ajiye almakashi, na juyo na fuskance shi, don yanzu in ba ka fuskance shi ba bai san kana magana ba. Na buɗe baki sosai, na ce masa sun yi shiru.